Akuyar da Kawu Ya Yanka

Lokacin da abin nan ya faru ina 'yar sakandare, ga rawar kai ga tsiwa, ina zaune wurin kakata ta wajen uwa a Ƙofar Taramniya, cikin Sakkwato. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu, amma ban taɓa jin Kirsimeti tamu ce mu kaɗai ba. Duk shekara 'ya'yan Kaka da jikoki kan taru a gidanta, a sayo akuya. Dokarta guda ce: ba mai sa wa dabbar wuƙa sai dattijon maƙwabcinmu, Musulmi mai sayar da hatsi, don kowa a layin ya ci hankali kwance. Mu yara ke raba kwanuka gida-gida, su dawo a wanke, da dabino ko gyaɗa a ciki. Ko da idanun Kaka suka mutu, sai ta sa an ajiye mata su a gaba, tana buɗewa tana lalubawa tana dariya.

A shekarar da nake ba ku labari, jikinta ya yi nauyi ƙwarai, kowa ya san ba lalle ta ga wata ba. Ranar Kirsimeti da safe aka ce dattijon ya tafi jana'iza Dundaye. Kawuna, wanda ya zo daga Legas da mota da faɗin rai, ya duba agogo ya ce shi ba zai zauna jiran wani ba alhali yana da hannu, ga lokacin coci na wucewa. Na ce ya yi haƙuri, Kaka ba za ta so ba. Ya daka mini tsawa, wai yaushe aka haife ni. Uwata ta sunkuyar da kai, don yayanta ne, shi kuma ya sayi akuyar. Ina tsaye ina kallo ya yanka, ya kuma ja mana kunne kada tsohuwa ta ji. Duk tsiwar nan tawa, ranar ba ta tsinana mini komai ba.

Ni aka ɗora wa kwanon farko. Matar dattijon ta tarbe ni da fara'a, ta buɗe, sai ta ɗago ta dube ni, don ta san mijinta bai dawo ba.

"Ɗiyata, wa yay yanka muku bana?"

Na kasa yi mata ƙarya. Ta rufe kwanon a hankali, ta ce in gai da Kaka, in ba ta haƙuri, ta ɗebi cincin kaɗai don kada in koma da kunya. Kafin la'asar magana ta zaga layin. Ba wanda ya faɗi baƙar magana, wallahi da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Kaka ta ce a kawo mata kwanukanta. Muka yi cirko-cirko, kawu ya sulale waje. Ta ɗaga na farko ta ji nauyi, ta yi murmushi, ta zaci tukuici ne. Ta sa hannu, ta taɓo shinkafa mai sanyi da nama. Ta buɗe na biyu, haka.

"Ashe bana ban ciyar da kowa ba," in ji ta, ta juya fuska bango.

Washegari dattijon ya zo ba ta haƙuri, ya ce baɗi ko ina yake zai dawo. Ba ta kai damina ba. Shi da 'ya'yansa suka kafa mana rumfar zaman makoki.

Har yau abin yana cina, don ba ni da yadda zan mayar mata da ranar. Ku da kuke zuwa gida hutu daga birni, in kun tarar da wata doka ta tsoho, ku tambayi dalili kafin ku taka ta. Jiran da kawu ya ƙi bai wuce na rabin yini ba, ita kuwa ba ta da wata Kirsimetin.