Malam Wilfred Kumai da Ƙwallayen Yumɓu Tara

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Wilfred Kumai a garin Manchok a shekarar 1926. Mahaifinsa Kumai manomi ne, mahaifiyarsa kuwa ta karɓi sunan Clara ranar da aka yi mata baftisma. Ya shiga makarantar mishan a 1935, ya sami horon malanta a 1944, daga bisani kuma ya yi kwas na ilimin kimiyya a Zariya a 1962.

Aure da aiki

A 1951 ya auri Edna, 'yar Zonkwa, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 1971 aka mai da shi wata makarantar sakandare a Kafanchan, inda galibin ɗalibai 'ya'yan manoma ne da na ma'aikatan jirgin ƙasa. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, littafin kimiyya kuma ɗaya ne tak ga ajin mutum arba'in. A shekarar ce ikilisiya ta zaɓe shi dattijo.

Al'amarin 1974

Darasin da ya fi gagarar ɗalibansa shi ne na ginin ƙarfe, wato yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa tamkar akwati, takwas a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, da gurabe a tsakaninsu. Saboda haka a watan Oktoba ya mulmula ƙwallayen yumɓu tara, ya haɗa su da tsinkayen tsintsiya, ya ɗaura 'yan gutsattsarin gawayi a tsakiyar fuskokin akwatin da tsakiyar gefunansa. Nufinsa ya nuna cewa ƙwayar gawayi takan zauna a waɗannan matsattsun gurabe, ta bar waɗanda suka fi faɗi, domin a nan ƙwayoyin ƙarfe biyu kaɗai take turewa.

Awaki suka fasa na farko a tsakar gida. Na biyun sai ya kafa shi a kan sanda, a iyakar gonarsa ta citta, don ya bushe. A ƙasar kuwa, tun zamanin kakanni, abin da aka kafa a kan sanda a iyakar gona asiri ne na cutar da wanda ya ƙetare, kuma duk wanda ya karɓi baftisma ya yi alkawarin rabuwa da wannan.

Bayan kwana huɗu ƙafar matar Meshak, maƙwabcinsa na gona, ta kumbura. Meshak ya kai ƙara gaban dattawa, ya ce: "Matana ya wuce wurin, ƙafa ya kumbura. In na makaranta ne, me ya kawo shi gona? Citta ne zai rubuta jarrabawa?" Aka yi dariya, amma aka hana Malam cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki ta coci, har sai an bincika. Mata suka daina sayen kunun Edna, wasu iyaye kuma suka hana 'ya'yansu shiga ajinsa.

Bincike

A watan Janairun 1975 ya nemi dattawa su bi shi maƙerar Mijinyawa, tsohon maƙeri a bayan kasuwa. Maƙerin ya raba ƙarfe mai taushi gida biyu, ya rufe ɗaya a tukunya cike da garin gawayi, ya ba ta wuta tun safe har la'asar, sannan ya tsoma shi a ruwa. Wanda ya sha gawayi ya yanki ɗan'uwansa. Malam ya ɗaga ƙwallayen, ya nuna musu inda gawayin ya shiga, ya maimaita bayanin sau uku ba tare da ya ɗaga murya ba. Mijinyawa ya ce: "Ni dai ubana bai ba ni ƙwallo ba, amma ya ce ƙarfe na shan gawayi."

A Ista ta wannan shekara aka mayar masa da jibi, da rinjayen mutum ɗaya a ƙuri'ar dattawa. Ba a sake zaɓensa dattijo ba. Ƙafar matar Meshak ta warke bayan an cire mata ƙaya a asibiti, duk da haka Meshak bai ƙara cin abinci a gidan Malam ba.

Rasuwa

Malam ya ci gaba da koyar da darasin da ƙwallayen nan har ya rasu ranar 9 ga Mayu, 1979, bayan gajeriyar rashin lafiya. An binne shi a Manchok kusa da mahaifinsa. A bakin kabari wasu dangi suka nemi a sa ƙwallayen a cikin akwatin gawa, kada su zauna cikin masu rai, Edna ta ƙi.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Gilbert, Caroline da auta Emilia, mai shekara goma sha uku, wadda ta roƙa aka ba ta ƙwallayen. Abin da ta fahimta shi ne ƙarfe ba a toshe yake ba, akwai gurabe a cikinsa, gawayin da ke shiga nan shi ke sa fartanya ta yi ƙarfi, kuma babanta bai taɓa kafa wa kowa komai a gona ba.