Baba a Bayan Talabijin

Makon jiya ƙanena ya aiko wa ɗana da na'urar gem sabuwa fil. Da yaron ya yage kwalin, warin sabuwar roba ya bugi hancina, sai na nemi kujera na zauna. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka warin roba ne kawai. Ni kuwa mayar da ni yake yi wata damina a gidanmu na cikin birnin Zariya, ina 'yar sakandare, shi kuma ƙanen nawa bai gama firamare ba.

Sikila gare shi. Duk damina sai ciwon ya tashi, amma na shekarar ya fi na kullum. Marka ake yi, indararo na zuba ba dare ba rana, bangon ƙasa ya sha ruwa har ɗaki na warin danshi. An sallamo shi daga asibiti can wajen Wusasa da sharaɗi guda: ya riƙa shan ruwa sosai, in ba haka ba a mayar da shi a ɗaura masa. To hannayensa duk sun kumbura da sukar allura, jijiyar ma sai an yi ta lalube kafin a samu. Muna dawowa gida ya juya fuska bango. Ba ya kuka, ba ya magana, in Inna ta kawo kofi sai ya datse haƙora. Kaka ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta yi tofi, har alkawarin ɗan akuyarta ta yi masa, ko kallonta bai yi ba. Leɓensa ya bushe ya fara tsagewa. Inna ta mai da madafi wurin kuka, Baba kuma ya ce in aka wayi gari a haka, asibiti za a koma ko da ɗauka ne.

Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure kowa ke shiga taitayinsa. Ba abin da ya tsana irin shagon gem da ke hanyar Ƙofar Gayan. Ya taɓa kama ƙanena yana leƙe ta taga, ya jawo shi da kunne har gida. Shi ya sa da ya shigo ranar a jiƙe sharkaf, da kwali ɓoye cikin babbar riga, na ɗauka magani ne. Ya ajiye a bakin katifa ya buɗe, warin nan ya cika ɗaki. Ƙanena ya waigo, karon farko tun dawowarmu.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni da Baba muka kinkimo talabijin daga turakarsa, Inna na bin mu da tabarma tana kare ruwa. Sai dai fa duk gidan ba wanda ya taɓa riƙe irin wannan abu. Takardar da ke cikin kwalin da rubutun Sin aka yi ta. Baba ya sa tabarau, ya duba, ya juya ta ƙasa ya koma sama, ya sake dubawa, ya ninke ta. Ga wutar unguwarmu bayan azahar take zuwa, da an ga hadari kuma a ɗauke. Hadarin kuwa yana nan tsaye a gabas.

Kaset ɗin wasan sai da muka cusa shi a baibai kafin ya shiga daidai. Muka jona wuta, wata 'yar jar fitila ta kama, muka yi murna, talabijin kuwa ba komai sai shuuu da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Waya ɗaya ta rage a ƙasa, ba mu san gidanta ba, har sai da Kaka ta ce kanta ya yi mata kama da na wayar eriya. Baba ya durƙusa a bayan akwatin, ya zare eriya ya sa wannan. Ni kuma aka ce in buɗe 'yar ƙofar gaba in riƙa murɗa maɓallin neman tasha.

Na murɗa har yatsana ya yi ja. Matan maƙwabta da suka shigo dubiya kowa da tata: wata ta ce a bari ta yi zafi tukuna, wata ta ce an cuci Malam a kasuwa. Ni dai addu'a nake yi a zuci, ina satar kallon ƙanena, ina ganin ɗan hasken da ya shigo idonsa yana ja da baya. Wallahi ban taɓa jin tsoron wani abu kamar yadda na ji tsoron shuuu ɗin nan ba. Can sai ya buɗe busasshen bakinsa.

"Baba, ku bar shi," ya ce. "Ni komai nawa haka yake, ba ya yi."

Ya fara juyawa bango. Baba ya dubo ni. Ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, sai ya ce, "Ke, ci gaba da murɗawa." Cikin takaici ya danna wayar da ƙarfi, sai ga hoto ya yi tsalle ya fito, da launi, da wani ɗan kiɗa. Ya saki hannu zai leƙo, hoton ya ɓace.

Ashe ramin eriyar ne ya yi sako-sako. Muka liƙa salatif, muka tokare da tsinken ashana, Kaka ta kawo zaren saƙarta aka ɗaure, duk a banza. In dai ba hannu ne ya danne ba, hoto ba ya tsayawa. Sai Baba ya naɗe hannun riga, ya zauna dirshan a ƙasa tsakanin talabijin da bango, ya danne. Ƙanena ya miƙo hannu, na ba shi abin wasan.

Ya ɗan taɓa kenan sai Baba ya saki da gangan. Ya leƙo ta gefe ya ce, "Hannuna na gajiya. Ka sha kofi ɗaya, ni kuma in ƙara riƙewa."

Suka tsaya kallon juna. Kaka ta matso da kofi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa, har ya shanye. Inna na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Da aka kira la'asar na karɓi Baba ya je ya yi salla. Kafin ya dawo yatsuna sun mutu murus, ga zafin bayan akwatin, ga ɗan jan wuta jifa-jifa. Shi kuwa haka ya riƙa zama kullum in ya taso aiki, kofi da riƙo, kofi da riƙo, har yaron ya miƙe. Inna ta sha ce masa ya kira mai gyara, sai ya ce in aka gyara da me zai yi ciniki? Har na'urar ta lalace Baba bai taɓa ganin wasan nan ba. Daga inda yake zaune, fuskar ɗansa kawai yake gani.

Yau shekarun Baba da rasuwa sun ɗan ja. Ƙanena na nan da iyalinsa, ba ya rabuwa da gorar ruwa. Sabuwar na'urar da ya aiko ba ta buƙaci kowa ba. Ɗana ya haɗa ta shi kaɗai kafin in sauke tukunya. Na kira kawun nasa na ce ta yi, sai ya tambaye ni wa ke riƙe waya. Na ce na yanzu ba a riƙe musu.

Da na ajiye, na ɗauko kujerar tsuguno na zauna gefen talabijin, na jingina da bango. Ɗana ya ce, "Umma, daga nan ai ba za ki ga komai ba."

Na ce masa ya ci gaba da wasansa, ina gani.