Lambar da Orvil Ya Ƙi Bari Ta Goge

Orvil Stidham facin taya yake yi a garinmu, a yammacin Oklahoma, a bakin tsohuwar Hanya ta 66. Mahaifinsa na cikin leburorin da suka zuba simintinta. A shekarar da aka soke sunan hanyar, aka ciccire allunanta, sai ya sayi farin fenti, ya yanka siffar lambar 66 a kwali, ya buga ta a tsakiyar titi, daidai ƙofar shagonsa.

Doka ba ta yarda ba. Aikina a lokacin gyaran titi ne, don haka ni ake turowa da baƙar kwalta in shafe. Yakan ba ni kofi, ya tambayi lafiyar iyali, ya tsaya yana kallo har in gama. Kafin sati ya zagayo lambar ta dawo. Shekara goma sha tara muka yi a haka, har na yi ritaya.

Da hanyar ta kusa cika shekara ɗari, jiha ta kafa mata kwamiti na wucin gadi. Su suka ba Orvil takardar izinin buga lambar. Ya manna ta a bango, kusa da hoton marigayiya matarsa. A ƙasanta an rubuta cewa izinin zai ƙare ranar da aka rushe kwamitin.

Da aka zo sauraron jama'a kan ko a mai da kwamitin na dindindin, ni na kai shi babban birnin jihar, domin idonsa ya hana shi tuƙi. Minti biyu ake ba kowa. Wani ɗan majalisa ya tambaye shi cikin ladabi me ya rage a yi, tunda bikin cika shekara ɗarin ya wuce.

"Ɗana, ni ma na cika tamanin bara, an yanka kek, an watse," in ji Orvil. "Washegari sai da na nemi abin karyawa."

Aka yi dariya, aka ɗage zaman zuwa baɗi. Kafin nan wa'adin kwamitin ya cika, aka rushe shi.

Ranar da takardar ta ƙare, na tarar da shi durƙushe a titi da safe, iska na ɗaga masa kwalin. Ya kira ni tsohon mugu, ya ce ko kwaltata na zo da ita. Na ce gwiwata ba ta lanƙwasuwa yanzu.

"To taka min gefen nan."

Na taka. Ya tsoma burushi.