Sarkin Kwaɗi Ya Ajiye Aiki

Da asuba, kafin a buɗe ƙofar lambun gwamnati, za ka same shi a bakin kududdufi da baho a ka. Mai kula da itatuwa ne, amma kowa Sarkin Kwaɗi yake ce masa, wasu cikin raha, wasu da raini.

Talakawan nasa wasu 'yan kwaɗi ne koraye, ba su wuce babban yatsa ba, a kan bishiya suke zama. Uwar takan yi kumfa fara a reshen da ya leƙo ruwa, ta saka ƙwai a ciki. In talibambam suka ƙyanƙyashe sai su faɗo kududdufi. Da ruwan ya fara janyewa sai suka riƙa faɗowa a busasshiyar ƙasa, tururuwa na kwashewa. Shi ya sa yake jera bahunan ruwa a ƙarƙashin kowace kumfa, ya tare su, ya kai su ruwa. Matarsa ta sha ce masa, "Malam, har bahon wankina?" Sai ya ce, "Aro suka yi, za su dawo da shi."

Sarkin Kwaɗi, kai ne ka yi wannan har furfura ta cika maka kai, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya taya ka.

To ku ji sakayyar da aka yi masa, don har yanzu raina a ɓace yake. Ranar walimar ritayarsa, shugaban lambu ya ga babu wuri mai kyau kamar bakin kududdufi. Ya sa aka sassare rassan da suka leƙo ruwa don a kafa rumfa. A tsakiyar damina, kumfa fal a jikinsu! Ba rashin sani ba ne, Sarkin Kwaɗi ya sha gaya musu. Rashin kula ne tsagwaronsa.

Ina wurin ya iso cikin sabuwar riga. Bai ko kalli kujerar da aka tanadar masa ba. Ya durƙusa cikin taɓo yana tsinto rassan.

Shugaba ya ce, "Haba Baba, baƙi na jira. Kwaɗi ne fa."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Baƙin suna da inda za su koma. Waɗannan nan ne kawai gidansu."

Ana jawabin yabonsa a lasifika, shi yana can yana ɗaure rassan a wata bishiya da igiyar rumfarsu.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu karatu, ku sani an shafa wa sauran bishiyoyin jan fenti, alamar sara, kuma an karɓi mabuɗin lambun daga hannunsa. Addu'a daga nesa ba ta tare gatari. Wanda ya ji haushi, ya je ya tsaya a gindinsu.