Ranar da Mesa Ta Same Ni Cikin Ƙunshi

Ni ba mai iya zama wuri ɗaya ba ce. Ko abinci a tsaye nake ci, mahaifiyata ta yi faɗa har ta haƙura. Amma tashin gida ya fita raina. Ruwa ne ya kore mu daga unguwar Mile 3 a Fatakwal, a Inugu kasuwa ta ƙi, a Onitsha muka yi ta yawon ɗakuna kafin mijina, mai sayar da albasa a kasuwar Ose, ya samo mana ciki da falo a Nkpor, gidan wata tsohuwa 'yar Ibo da muke kira Mama. A nan na fara fitar da kwanukana daga buhu na jera su. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake naɗe katifa ba.

Ranar da muka tare, tsohuwar ta kafa mana sharaɗi guda: a garinsu ba a kashe mesa. Wanda ya kashe sai ya yi mata jana'iza kamar mutum, in ɗan haya ne kuma ya kwashe kayansa a ranar. Mijina ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce wace mesa a tsakiyar gari? Na san dalilin dariyar. Maciji ne ya kashe ƙanensa a gona suna yara, tun daga nan ko igiya ya gani a ƙasa sai ya yi tsalle.

Daminar kudu ba ta da mutunci. Ruwa ya ci mini tsakanin yatsun ƙafa har ina ɗingishi, ni kuwa ban san masa magani ba sai lalle. Wata rana da yamma na samu rana ta leƙo, na kwaɓa lallena da lemun tsami, na ɗauki kujera 'yar tsugunno na koma bayan ɗaki kusa da tankin ruwa. Na shafe ƙafafuna, na ɗaure su tam da leda. Ƙunshi kaɗai ke iya zaunar da ni, shi ma ina zaune ina mita, ina lissafin wankin da ban yi ba.

Daga ƙarƙashin tankin mesar ta fito. Kaurinta bai wuce damtsena ba, jikinta dabbare-dabbare, baƙi da ruwan ƙasa. Ba ta sauri, ba ta kuma damu da ni ba. Ledar ta ɗumama a rana, ina jin abin da ya ja ta ke nan, don kai tsaye ta zo ta naɗe a kan ƙafata ta dama. Na ji nauyinta. Tsoro ya kama ni, duk addu'ar da na ɗauko sai ta tsinke a tsakiya.

A haka mijina ya same ni, ya dawo da wuri, riƙe da gasasshiyar masarar da ya san ina so. Masarar ta faɗi ƙasa. Ban ga lokacin da ya ɗauko addar da ke jingine da bango ba.

"Kada ki motsa," ya ce.

"Baban yara, ajiye."

"Kin haukace? A ƙafarki fa take!"

"Na sani, ai ƙafata ce. In ka sare ta, yau a titi za mu kwana."

"Ke ma kin fara bauta mata ne?"

Raina ya ɓaci, na manta da tsoro. "Allah ya kiyaye! Ni gajiya na yi. Wallahi na gaji da ɗaure kaya. Kira Mama."

Ya tsaya da adda a sama, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ban taɓa tausaya wa mutum kamar yadda na tausaya masa a lokacin ba, amma ban sassauta ba. Can ya buɗe baki ya ƙwala wa tsohuwar kira.

Ta zo da sandarta tana cewa, "Oga, no touch am o! Na our visitor." Wato kada ya taɓa ta, baƙuwarsu ce. Ta durƙusa tana yi wa mesar magana a hankali da yarensu, kamar mai lallashin jika, ta zura sandar ta ɗauke ta, ta nufi ciyawar bayan katanga. Mijina ya zube a ƙasa, ya kwance ledar, yana juya ƙafata yana neman sara. Lallen ya damalmale, ya kama hannayensa biyu, ya yi ta yawo da su ja a kasuwa ana tsokanarsa.

Na yi kwanaki ina jiran ya ce mu tashi. Har amsa na tanada, da kukan da zan haɗa da ita. Bai ce ba. Mun zauna a gidan har yara suka girma, mesar kuma tana zuwa lokaci-lokaci.

Sai bayan shekaru na lura bokitin wankansa kullum a bushe yake. Banɗakinmu a bayan tankin yake. Na tsare shi da tambaya, ya sosa kai ya ce tun ranar a banɗakin masallacin kasuwa yake wanka.

Na ce, "Duk shekarun nan? Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ai kin ce kin gaji."