Ɗigon Madara a Kan Farce

Lokacin da nake kai madara barikin Tanut, wani Nasara likitan soja ya zo da siririyar kwalba mai zane-zane. Yakan tsoma ta cikin ƙwarya, ya duba inda ta tsaya. Mu kuwa a farce muke gwaji: in ɗigon madara ya zauna, ta ƙwarai ce, in ya gangara, an surka ta da ruwa.

Ran nan kwalbar ta nutse a ƙwaryata. Tafinta ya ce, "Baiwar Allah, wai kin zuba ruwa." Na ɗiga a farcena na miƙa wa Nasaran, ɗigon na zaune daram kamar ƙwayar gero. Ko kallo bai yi ba. Wani soja ya kifar da ƙwaryar a gaban mata 'yan'uwana.

Daga baya tafintan ya raɗa mini cewa maiƙo ne ya yi yawa, shi ke sa kwalbar nutsewa. Washegari na yaɗe man tas, na kai musu saura. Nasara ya tsoma kwalbarsa, ya sa aka ce mini na shiryu. Har na bar garin tsinkakkiyar madara suke sha, suna yabon gaskiyata.