Cerin Zuurakan da Akuyarta

Uwar mijina, Zuurakan, abu biyu take tinƙaho da su a duniya: ƴaƴanta maza da itacen cerinta. Wallahi da za a ce ta zaɓi ɗaya, ban ba mijina tabbas ba. Ni ce matar autanta, don haka a gidanta na zauna, a ƙauyenmu kusa da Karakol, ina zuba shayi ina ganin ikon Allah.

Itacen bai wuce ƙirjin mutum ba, rassa ne cunkus tun daga ƙasa. Da ƙanƙara ta narke sai ya yi fure fari fat kafin ganye ya fito, in zafi ya yi kuma jajayen ƴaƴa su rufe reshe ruf. Apa, haka muke kiranta, ita ke kwashe ƙanƙarar da ta taru a gindinsa kada ya ruɓe, ita ke sare tsofaffin rassa, ita ke dafa ƴaƴan da sukari ta ɗura a kwalabe. Ni ko tsinka ba a bari in yi, wai hannuna nauyi gare shi. Duk baƙon da ya zauna shan shayi sai ya lasa, kuma dole ya yaba, in ba haka ba kofinsa ya bushe.

Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne maƙwabcinmu Sheishen, tsohon direban tarakta. Shi ma yana da irin itacen a jikin shinge, wani buzu-buzu da shi, ko ruwa ba ya ba shi.

"Zuurakan eje," yakan leƙo ya ce, wato yaya, don ta ɗan girme shi, "nawa fa ya fi naki zaƙi."

"Harshenka ne ya mutu, tsohon banza! Wannan tsintsiyar kake kira itace?"

Rannan sai ya maimaita maganar a gidan biki, gaban mata. Da sanyi ya kankama, sai katako ɗaya na shingen ya cire kansa, daidai saitin itacen Sheishen, akuyarmu kuma ta gano hanya. Ta gwaguye ɓawon tas har gindi.

"Oh ni, dabba ba hankali," in ji Apa. Ni kuwa da idona na ga guduma a aljihun rigarta.

A shekarar itacenta ya yi furen da bai taɓa yi ba, ta yi ta kiran masu wucewa su zo su gani. Fure ya zube, aka zuba ido, ko ɗa ɗaya babu. Ana haka surukan babban ɗanta suka zo ziyara, dole ta ajiye musu dafaffen ceri na kanti. Tsohuwar cikinsu ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ina naki da ake ta ba mu labari?" Ban taɓa ganin kunya ta kama Apa haka ba. Ta ba ni tausayi, duk da dariya na cina.

Washegari Sheishen ya leƙo, baki har kunne.

"Eje, itacen nan ba ya haihuwa shi kaɗai. Ƙudan zuma ke kwaso garin furen nawa su kai wa naki. Akuyarki ta cinye miki suruki."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Kin tambaye ni?"

Da ƙafarta ta je kasuwar Karakol ta sayo dashe. Da hannunta ta haƙa rami a gidansa, shi kuwa yana zaune kan benci yana cewa, "Ƙara zurfi, eje." Ta mayar da katakon, ta buga masa ƙusa har da ta mugunta. Da itacenta ya koma yin ƴaƴa, kowace shekara sai ta aika masa kwalba, shi kuma ya aiko cewa sukari ya yi yawa.

Bara waccan Sheishen ya rasu. Ƴaƴansa na can Rasha neman abinci, gidan a kulle. Katakon nan ya sake cire kansa, yanzu Apa ce ke bi ta kafar da bokiti, tana tafe tana mita: "Ka miƙe abinka ka bar ni da ban ruwa."

Bana na bi ta don in riƙe mata bokitin. Ta tsinki ɗaya daga itacensa ta jefa baki, ta daɗe tana taunawa, idonta ya ciko.

"Nasa ya fi zaƙi," ta ce. "In kika faɗa wa wani, ki tattara kayanki."